Ɗaurewar tsokar bayan cinya: wace miƙa ce ke sake ta?

A ruku'u na fara gane cewa wani abu ya sauya a jikina. Liman ya yi kabbara, sahu ya sunkuya, ni kuwa sai na ji kamar an ɗaura igiya daga ƙasan mazaunina zuwa bayan gwiwa, an ja ta tamau. Sai da na ɗan karya gwiwa kafin tafukan hannuna suka zauna inda ya kamata. Dattijon da ke damana, wanda a haife ya haife ni, ƙafafunsa a miƙe suke sambal, bayansa a shimfiɗe kamar a ɗora ƙwarya ta zauna. Shi manomi ne. Ni kuma na shekara goma sha ina kan kujera gaban kwamfuta.

Koken ba nawa ne ni kaɗai ba. Za ka ji shi a bakin tela, da direban da ke kwana a hanyar Legas, da mai Keke Napep, da yaran da ke buga ƙwallo a filin makaranta da yamma. Duk kalma ɗaya muke faɗa: jijiya ta ɗaure. A nan kuma Hausa ta ɗan yi mana rowa, domin jijiya ɗaya muke kiran hanyar jini, da agarar da ke liƙa tsoka da ƙashi, da kuma zaren da ke ɗauko saƙo daga laka zuwa ƙafa. A yawancin hira wannan ba ya ɓata komai. A maganar bayan cinya kuwa shi ne ke raba wanda miƙa za ta warkar da wanda za ta ƙara wa ciwo.

Zauna a kujera, ka sa yatsu a bayan gwiwarka, ka danna diddige a ƙasa kamar za ka jawo shi baya. Za ka ji wasu igiyoyi sun taso, biyu ta ɓangaren ciki, ɗaya ta waje. Agarar tsokoki uku ce, waɗanda Bature ke haɗawa ya kira hamstirin. Suna tasowa daga ƙashin da mutum ke zama a kansa, su gangaro bayan cinya, su tsallake gwiwa su kama ƙashin ƙwauri. Gaɓa biyu ke nan suka haye, ƙugu da gwiwa. Aikinsu lanƙwasa gwiwa da tura cinya baya. Idan ƙugu ya lanƙwashe gwiwa kuma ta miƙe a lokaci guda, ana jan su ta sama da ta ƙasa. Yanayin ruku'u ke nan, da na mai gudu lokacin da ƙafarsa ta gaba ta kusa taɓa ƙasa, da na ɗan ƙwallo bayan ya ɗirka shot.

A sashen gashin ƙashi ba a yarda da "ina jin ta ɗaure" kawai ba, awo ake yi. Mutum zai kwanta rigingine, a ɗaga cinyarsa ta tsaya a tsaye, a ce ya miƙe gwiwa iya iyawarsa, a auna digiri nawa ya rage ta miƙe sarai. Da irin wannan awon aka gwada da yawa daga cikin dabarun da ake gardama a kansu.

Wadda kowa ya sani ita ce miƙar riƙewa: ka kai inda ka ji ja, ka tsaya cak, ka ƙirga. Tambayar da ta daɗe tana yawo ita ce ƙirga nawa. A 1994 wasu masana gashi biyu a Amurka, Bandy da Irion, suka raba mutane rukuni-rukuni, wasu suna riƙewa sakan 15, wasu 30, wasu 60, kwana biyar a mako har mako shida. Masu sakan 30 sun fi masu 15 samun sakewa, masu 60 kuma ba su fi masu 30 ba. Daga nan "sakan talatin" ya zama karatun da kowane ɗalibin gashi ke haddacewa. Sai dai mutanen da aka gwada matasa ne. Da Feland da abokan aikinsa suka maimaita irin gwajin a 2001 a kan waɗanda suka kai shekara 65 zuwa sama, sai sakan 60 ya fi. Don haka idan kana koya wa Baba ko Inna, ka ninka ƙirgar.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan miƙar bai shafi agogo ba. Mutum zai ɗora ƙafa a kan dakali, ya dunƙule bayansa kamar kunkuru, ya miƙa hannu ya cafko babban yatsa, ya ji daɗi wai ya kai. Abin da ya miƙar gadon bayansa ne, cinyar ba ta san an yi ba. Gyaran mai sauƙi ne. Ɗora diddige a kan abu gajere, kamar kujera 'yar tsugunno. Gwiwa a miƙe, ba a ƙage ba. Ɗago ƙirji, ka tura mazaunai baya, ka karkato daga ƙugu kamar kana son cibiyarka ta taɓa cinya. Tafiyar ba za ta wuce taƙi ɗaya ba za ka ji jan a tsakiyar bayan cinya, inda ake nemansa.

Akwai kuma miƙar fizga, wadda malaman motsa jiki suka sa mu yi a firamare: a sunkuya ana dangwalar yatsun ƙafa ana ƙirga ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Ita ma tana ƙara sakewa, amma tsoka tana da na'urorin da ke jin an fizge ta su sa ta ƙanƙame nan take, shi ya sa likitocin gashi ba su cika ba wa mai ciwo ita ba. 'Yar'uwarta mai hankali ita ce miƙar motsi, inda ake lilo da ƙafa gaba da baya a natse, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, ko a yi tafiya ana ɗaga ƙafa a miƙe. Ita ce ta mamaye ɗumama jiki kafin wasa, kuma da dalili. Wasu masana biyu, Kay da Blazevich, sun tattara bincike masu yawa a 2012 suka nuna cewa riƙe miƙa minti ɗaya ko fiye yana rage ƙarfin tsoka na ɗan lokaci, amma abin da bai kai sakan 45 ba illarsa ba ta taka kara ta karya ba. Wasu kociyoyi sun ji rabin labarin suka haramta miƙar riƙewa kwata-kwata, abin da binciken bai ce ba. Gajeriyar riƙewa da aka biyo ta da sassarfa ba ta hana kowa cin ƙwallo.

Dabarar da ta fi burge mai kallo ita ce wadda ake taƙaita sunanta na Turanci da PNF, wato dabarar tura-ka-saki. Asalinta ba ta 'yan wasa ba ce. Wani likita a Amurka, Herman Kabat, tare da masu gashi biyu, Margaret Knott da Dorothy Voss, suka gina ta tun daga shekarun 1940 don masu shan inna da sauran masu shanyewar jiki. Yadda ake yin ta a bayan cinya: kana kwance, mai gashi ya ɗaga ƙafarka ya ɗora a kafaɗarsa har ka ce ya isa. Sai ya ce ka danna diddigenka ƙasa kamar za ka ture shi, shi kuma ya tokare, ƙafar ba ta motsa ba. Bayan 'yan sakanni ya ce ka saki, ka fitar da numfashi. A wannan sakin sai ƙafar ta ƙara tafiya sama, wani lokaci tafiyar da kai kanka za ka yi mamaki. A maimaita sau uku ko huɗu. Akwai mai kama da ita da ta fito daga wajen Fred Mitchell, wani likitan ƙashi na Amurka, wadda turawarta ta fi sauƙi, ƙarfi kaɗan ake sawa, ta fi dacewa da mai jin zafi ko tsoho. Wanda ba shi da mataimaki yana iya yi da zani ko rawani: a rataya a tafin ƙafa, a riƙe bakinsa biyu, a tura a saki.

A awon nan-take PNF kan sha gaban miƙar riƙewa. Idan aka bi mutane makonni kuwa, tazarar sai ta yi ta raguwa, har a bincike da yawa a rasa bambancin kirki. Haka abin yake da sauran sababbin kaya, irin su sandar soso da ake murza cinya a kanta: sakewa ta ɗan lokaci, wadda ba ta fi ta tsohuwar hanya ba. Wanda ya bi waɗannan kwatance-kwatancen yana neman zakara, zai dawo da canjaras. Wannan canjaras ɗin shi ya fi ba ni sha'awa, domin in dabaru huɗu da suka sha bamban a aikace suna kai mutum wuri guda, akwai alamar duk ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa.

An daɗe ana koyar da cewa miƙa tana tsawaita tsoka kamar yadda dukawa ke jan fata ta ƙara faɗi. A 1994 Halbertsma da Göeken a Groningen ta ƙasar Holan suka sa masu gajeriyar tsokar bayan cinya yin miƙa na mako huɗu, suna auna nisan da ƙafa ke kaiwa da kuma taurin tsokar kanta. Ƙafa ta ƙara nisa. Taurin tsoka yana nan yadda yake. Abin da ya ƙaru shi ne yawan jan da mutanen ke iya jurewa kafin su ce a tsaya. Peter Magnusson a Denmak ya sami irin wannan sakamakon, kuma a 2010 shi da Weppler suka rubuta sharhin da ya yaɗa ra'ayin cewa a makonnin farko abin da miƙa ke sauyawa shi ne jin mutum. Kamar wanda ya saba da yaji ne. Barkonon bai rage zafi ba, harshen ne ya daina ihu. Wasu abubuwa biyu suna mara wa wannan baya: an ga mutum ya miƙar da ƙafa ɗaya, ɗayar ma ta ƙara sakewa, kuma idan aka sa wa mutum maganin barci a ɗakin tiyata ƙafarsa kan ɗagu fiye da yadda take ɗaguwa idonsa biyu.

Kada a ɗauka wannan raini ne ga miƙa. Wanda ya koma yin ruku'u ba tare da karya gwiwa ba ya samu abin da ya je nema, ko ta wace hanya aka bi. Amma fahimtar tana sauya tambayar. In ƙwaƙwalwa ce ke taka birki, sai a tambaya me take karewa.

Ni a wurina amsar ta fito ne a kan gadon gashi na wani asibiti. Na je da shirina, na yi wata biyu ina miƙa safe da yamma, abin sai ƙara tsami yake. Matashiyar da ta duba ni ta sa na zauna a bakin gado, na saki bayana ya lanƙwashe, na sunkuyar da kai har haɓata ta taɓa ƙirji, sannan ta miƙar da gwiwata ta hagu, ta tanƙwaro tafin ƙafar sama. Wani ja mai raɗaɗi ya taso daga mazauni har sha-raɓa.

"Malam, kar ka motsa ƙafar," in ji ta. "Ɗago kanka kawai, ka kalli silin."

Na ɗago. Jan ya ragu da fiye da rabi.

"To ka gani. Tsokar cinya ba ta kai wuya ba. Abin da ya haɗa wuyanka da ƙafarka laka ce da jijiyar da ta fito daga cikinta. Ita kake ta ja wata biyu."

Babbar jijiyar saƙo ta jikin mutum, wadda likitoci ke kira sayatik, tana fitowa daga ƙasan gadon baya, ta ratsa mazauni, ta bi ta ƙarƙashin waɗannan tsokokin har ƙafa. Kaurinta a sama ya kai na yatsa. Ba ta son a ja ta a riƙe, domin ja mai tsawo yana rage jinin da ke ciyar da ita. Idan ta fusata, tsokokin da ke kewaye da ita sukan ƙanƙame su hana a kai ta inda za ta ji ciwo, mai jikin kuma ya ce cinyarsa ta ɗaure. Maganin da masu gashi irin su David Butler da Michael Shacklock na Ostireliya suka yaɗa shi ne zamiya: a ja jijiyar ta gefe ɗaya a sake ta ta ɗayan, yadda ake zura mazagi a wando. Kana zaune, ka miƙe gwiwa kana ɗaga kai sama, ka lanƙwasa gwiwa kana sunkuyar da kai. Babu riƙewa, babu neman zafi, sau goma ko sha biyar a hankali. Ga wanda matsalarsa ta jijiya ce, wannan ɗan motsin da ba ya kama da komai yana yin abin da wata biyu na ja bai yi ba.

Alamun da ke nuna jijiya ce sun haɗa da raɗaɗi mai kama da wuta ko lantarki, jin kamar kiyashi na tafiya a ƙafa, mutuwar wani sashe na fata, da ciwon da ya gangara ƙasa da gwiwa, musamman in akwai ciwon kwankwaso. In kuwa har ƙafa ta fara rasa ƙarfi, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari ya fara ƙin fita ko kufcewa, wannan ya wuce maganar miƙa, asibiti ake nufa a ranar.

Akwai wasu mutum biyu da su ma miƙa ke cuta. Na farko shi ne mai ciwo daidai kan ƙashin zama, wanda zama a benci ko doguwar tafiya a mota ke tayar masa. Sau da yawa agarar ce ta sama ta gaji, kuma duk lokacin da ya sunkuya ya ja, matse ta yake yi a jikin ƙashin. Na biyu shi ne yaron da yana cikin gudu ya ji kamar an jefe shi da dutse a bayan cinya, ya dafe wurin ya faɗi, irin abin da duniya ta gani ya sami Usain Bolt a tserensa na ƙarshe a Landan a 2017. Wannan tsagewa ce. A unguwa abin da ake yi masa shi ne abokai su taru, ɗaya ya danne ƙugu, ɗaya ya ɗaga ƙafar sama wai a warware jijiya, daga nan a wuce wajen mai tausa da man zafi. Ina girmama masu ɗori, sun yi wa jama'a aiki tun kafin a gina asibitin ƙashi na Dala, amma naman da ya yage jiya ba ya buƙatar a ja shi yau.

Wannan ya kawo mu ga dabarar da a ganina ta fi sauran nauyin hujja, ko da yake da ƙyar ake kiranta miƙa. Ita ce sa tsoka ta yi aiki tana tsawaita, wato ta riƙe nauyi yayin da ake jan ta. Sanannen misalinta shi ne atisayen Nodik: ka durƙusa, wani ya danne maka idon sawu, ka tafi gaba a hankali jikinka a miƙe daga gwiwa zuwa kai, kana hana kanka faɗuwa da ƙarfin bayan cinya, har ka kasa ka tare da hannu. Mai farawa ba ya wuce uku ko huɗu, kuma kwana biyu zai yi yana ɗingishi, don haka da kaɗan ake somawa. Irin wannan aikin, saɓanin miƙar riƙewa ta 'yan makonni, an auna da na'urar hoto an ga yana ƙara tsawon zaren tsokar. Yana kuma ƙara nisan da ƙafa ke kaiwa, kwatankwacin abin da miƙa ke bayarwa.

Inda ya yi wa miƙa fintinkau shi ne rigakafi. A 2000 Pope da abokan aikinsa suka gwada kuratan soja sama da 1,500 a Ostireliya, rabi suna miƙa kafin atisaye rabi ba sa yi, ba a ga bambancin kirki a yawan rauni ba. A 2011 kuwa Petersen ya gwada Nodik a kan 'yan ƙwallo 942 a Denmak, tsagewar bayan cinya ta ragu ƙwarai, kuma da van Dyk ya haɗa bincike da dama a 2019 sai lissafin ya nuna raguwar kusan rabi. Ko bayan an ji ciwon, Carl Askling na Suwidin ya nuna a 2013 cewa 'yan ƙwallon da aka yi wa jinya da atisayen tsawaitawa sun koma fili cikin kwana 28 a matsakaici, masu tsohon tsari kuma kwana 51. Da duk wannan, binciken Jan Ekstrand a manyan kulob-kulob na Turai ya nuna rabon wannan rauni ya tashi daga kashi 12 cikin ɗari na dukkan raunuka zuwa kashi 24 tsakanin 2001 da 2022. Wasan ya ƙara sauri, wasanni sun ƙara yawa, kuma kulob da yawa ba sa yin atisayen yadda aka tsara shi, don 'yan wasa ba sa ƙaunarsa. Ga ƙungiyar unguwa da ba ta da ko akwatin magani, abin lura shi ne Nodik ba ya cin ko kwabo: tabarma da abokin da zai danne ƙafa.

Wanda ba ɗan wasa ba bai buƙatar ya kai can. Ya tsaya, ya riƙe jarkar ruwa ƙarama a hannu biyu, gwiwa a ɗan sake, ya tura mazaunai baya yana sauke jarkar a hankali ta gaban cinya har ya ji ja, sannan ya miƙe. Sau takwas ko goma, kwana biyu ko uku a mako. Tsokar da ba ta da ƙarfi takan ji kamar ta ɗaure, kuma wannan ya fi yi mata amfani a kan a yi ta janta.

Da na fahimci haka sai na daina mamakin dattijon nan na sahu. Mai noma da fartanya yana wuni a wannan yanayin, ƙugu a karye, baya a miƙe, tsokar tana ɗauke da nauyinsa tana a tsawaice. Haka matar da ke shara da gajeriyar tsintsiya, ko take zaune a tabarma ta miƙe ƙafafu tana tsince shinkafa awa guda. Ba wanda ya ƙirga musu sakan talatin. Ana yawan cewa kujera ce ke gajarta tsokar, amma a zaune tsokar ta saki ne ta wajen gwiwa, ta ja ta wajen ƙugu, tsawonta bai sauya sosai ba. Abin da kujera ke yi shi ne hana ta zuwa ƙarshen iyakarta, wata da watanni, har jiki ya manta cewa wurin ba haɗari.

Ni dai abin da aka ɗora ni a kai shi ne zamiyar jijiya kullum, jarka sau uku a mako, miƙar riƙewa kuma sai bayan raɗaɗin ya kwanta, ita ma da tafin ƙafa a sake ba a tanƙware ba. Wajen mako na shida na yi ruku'u gwiwata a miƙe. Daga baya wata tafiya ta taso, na yi wata guda ban yi komai ba, na dawo na tarar igiyar ta fara komawa inda take. Ashe an riga an auna wannan ma: a wani gwaji na 2001, Willy da abokan aikinsa sun ga abin da aka tara a mako shida na miƙa ya zube bayan mako huɗu da dainawa. Jarkar tana nan a bayan ƙofar ɗakina, ƙafata ta hagu kuma har yau ba ta kamo ta dama ba.